Uwar Gida, Ke Ce Mai Gadin Kwamfutar Gidanki

Yau ina so mu tattauna a kan wata baƙuwa da ta shigo gidajenmu da yawa, muka ba ta wuri a kan tebur ko a cikin akwati, amma har yanzu ba mu sa kula da lafiyarta a cikin ayyukanmu ba. Baƙuwar nan kuwa ita ce kwamfuta. A ganina, tsare kwamfutar gida daga cututtukan da ke ɓata ta aikin uwar gida ne, kuma aiki ne wanda ba ya cin ko kwabo. Kula kaɗai yake ci, ita kuwa kula ai sana'armu ce tun kaka da kakanni.

Na san wata za ta ce, haba Malama, ina Tsaskiya ina kwamfuta? To a duba da kyau. Tun shekarar 2015 Hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta duka ta kan kwamfuta, saboda haka duk uwar da ke son ɗanta ko 'yarta su wuce sakandare, tilas ta so hannunsu ya saba da na'urar. 'Ya'yanmu da ƙannenmu da ke karatu a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ta Katsina, suna dawowa hutu da kwamfutar tafi-da-gidanka a cikin jaka. Mu malaman makaranta da ita muke buga tambayoyin jarrabawa da sakamakon yara. Daga Safana zuwa Runka, daga Zakka zuwa Batsari, yawancin waɗannan kwamfutoci na hannu ne, kuma kafin a saye su sai da aka sayar da tunkiya ko buhunan gero. Abin da aka sayar da tunkiya aka saya kuwa bai kamata a bar shi ba makiyayi ba.

Mece ce cutar kwamfuta?

Kada sunan ya ruɗe ki. Cutar kwamfuta, wadda yara ke kira bairos, ba daga ƙura ko zafin rana take zuwa ba. Wani mutum ne mai mugun nufi yake zama ya rubuta 'yar manhaja, watau jerin umarni irin wanda kwamfuta ke bi, ya sake ta cikin duniya tana tsalle daga wannan na'ura zuwa waccan. Akwai wadda aikinta ɓoye takardu ne da hayayyafa. Akwai mai laɓewa shiru tana kwashe kalmomin sirri da lambobin banki tana aika wa ubangidanta. Akwai kuma wadda ta fi su mugunta, mai kulle duk takardu da hotunan da ke cikin kwamfuta, sa'an nan ta rubuto a kan allo cewa sai an biya kaza za a sake su. Mu mutanen wannan yanki ba mu bukatar kowa ya fassara mana ma'anar kuɗin fansa.

Duk lokacin da aka ta da wannan magana a cikin mata, akwai uzuri uku da akan kawo. Bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Uzuri na farko: ai mu ba mu hawa intanet

Wannan shi ne uzurin da ya fi yawa, kuma shi ne ya fi rauni. Cutar farko da ta bazu a kan irin kwamfutocin da muke amfani da su, wadda ake kira Brain, ta fito ne daga birnin Lahore na ƙasar Pakistan a shekarar 1986, lokacin da talaka ko sunan intanet bai taɓa ji ba. A kan faifai ta yi ta yawo, daga hannu zuwa hannu, har ta kai Amurka da Turai. Yau faifan nan ya zama filashi da memori, kuma mu nan ƙauye mun fi mutanen birni dogara da su, domin su ne ke ɗauko mana abin da ƙarancin sabis da tsadar data suka hana mu.

Ku tuna watan Satumba na 2021, sa'ad da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, har da Safana da Batsari da Dutsin-Ma. An yi watanni ba sabis. A irin wannan hali duk wani fim, ko karatu, ko takardar aiki, a aljihu yake shigowa gari, kuma kwamfutocin gari duka suna zaune ba mai samun sabon magani. Ko yau da sabis ya dawo, hanyar ba ta sake ba. Yaro zai kai memori wurin masu tura finafinai a kasuwa, wanda ya sa memorin mutum hamsin a na'ura ɗaya tun safe. Yarinya za ta kai filashi shagon buga takardu don a fitar mata da takardar jarrabawa. Da yamma duka biyun a jikin kwamfutar gida za su kwana. Kamar dai a ce gari duka da moɗa ɗaya ake shan ruwa.

Alamar da aka fi gani a wajenmu ita ce a buɗe filashi a tarar takardu sun ɓace, sai waɗansu 'yan alamomi masu ƙaramar kibiya a gindinsu, ɗauke da sunayen takardun. Duk wanda ya danna ɗaya daga cikinsu, ya buɗe wa cutar ƙofa da hannunsa. Abin da nake so ki riƙe a nan shi ne, yawanci takardun suna nan, ɓoye su aka yi. Kada ki yarda a yi gaggawar goge filashin baki ɗaya. A fara wanke cutar, sa'an nan a umarci kwamfuta ta nuna abubuwan da aka ɓoye, sai ki ga kayanki sun bayyana.

Uzuri na biyu: ai ba ni da abin sata

Kin tabbata? Bari mu buɗe kwamfutar tare. Ga hoton takardar haihuwar yara, ga sakamakon WAEC da NECO, ga takardar lambar zama ɗan ƙasa, wadda tun 2021 JAMB ba ta yi wa yaro rajista sai da ita. A yankin da gidaje da dama suka taɓa tashi cikin dare ba shiri, suka bar akwatunan takardu a baya, wani gidan hoton da ke cikin kwamfuta ko filashi shi ne kaɗai shaidar karatun da ta rage masa. Ga kuma kundin binciken ɗalibi na shekarar ƙarshe, wanda ya ci wata shida da kuɗin mota ba adadi.

Sai maganar kuɗi. Tun ƙarancin takardun Naira na farkon shekarar 2023, mata da yawa da ba su taɓa shiga banki ba sun koma karɓar kuɗin ƙuli-ƙuli da ɗinki da adashi ta asusu. Mutane kuwa suna da al'adar rubuta lambobin sirri a wata takarda cikin kwamfuta, ko su bar manhajar shiga intanet ta riƙe musu. Irin waɗannan ne abincin ɓarayin zamani. A watan Mayu na 2025 kamfanin Microsoft ya ba da sanarwar cewa a cikin wata biyu kacal ya gano kwamfutoci fiye da 394,000 a duniya da suka kamu da wata cuta guda mai suna Lumma, wadda ba ta da aiki sai satar kalmomin sirri da bayanan kuɗi. Ita cuta ba ta tambayar ko kina Landan ko kina Tsaskiya. Taru ne aka watsa, duk kifin da ya faɗa shi ke nan.

Abu na uku ya fi kuɗi tsada, shi ne mutunci. Hotunan biki da na suna, da waɗanda 'yan mata suka ɗauka a ɗaka ba mayafi, duk sukan taru a kwamfutar gida in wayoyi sun cika. Hoton da ya fita hannu ba ya dawowa, kuma kowa ya san a garuruwanmu abin da hoto ɗaya zai iya yi wa auren yarinya. Ko don wannan kaɗai, ai maganar ta zama tamu.

Uzuri na uku: ai na kyauta ba shi da ƙarfi

Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma a kasuwar atamfa gaskiya ne. Amma a nan maganar ta sha bamban. Tun fitowar Windows 8 a shekarar 2012, kowace kwamfuta mai Windows tana zuwa da mai gadinta a ciki, wanda yanzu ake kira Microsoft Defender. Ba a sayensa, wa'adinsa ba ya ƙarewa a ce a sake biya, kuma yana aiki dare da rana ba tare da an tashe shi ba. Akwai wata cibiya a ƙasar Jamus mai suna AV-TEST, wadda aikinta gwada irin waɗannan manhajoji ne, kuma a shekarun nan sau da yawa takan ba Defender maki daidai da na waɗanda ake saye da tsada. Don amfanin gida, ya isa.

To me ya sa kwamfutocinmu ke ta kamuwa? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, mu kuwa da kuɗinmu muke biya a tsaga mana bangon. Ga yadda abin yake. An sayo kwamfuta, sai a kai ta wurin mai gyara a ce ya cika ta da manhajoji. Manhajar rubutu ta ainihi tana da tsada, saboda haka sai ya sa satacciya, wadda aka fasa makullinta. Da yake Defender yakan kama irin waɗannan kayan fasa makulli, abin da ake fara yi shi ne a kashe shi. Daga nan kuma a kashe hanyar sabuntawa don kada asiri ya tonu. A ƙarshe a ɗora wani riga-kafi mai babban suna, shi ma na sata, a karɓi kuɗi a kansa. Shi Defender kuwa in ya ga an kawo wani mai gadi yakan janye ya ba shi wuri. In wanda aka kawo ɗin ba ya samun sabon bayani daga kamfaninsa, sai gida ya zama yana da mai gadi a ƙofa, amma makaho.

Ba ina cewa masu gyara mugaye ba ne. Yawancinsu samari ne masu neman halal, abin da suka tarar ana yi suke yi, kuma mu ne muke matsa musu da neman araha. Amma ya kamata a san cewa satacciyar manhaja tana cikin manyan hanyoyin da cuta ke bi. Akwai wata mai kulle takardu da ake kira STOP ko Djvu, wadda ta addabi masu kwamfutar gida a ƙasashe da dama tun wajen 2018, kuma mafi yawa a cikin irin waɗannan manhajoji take ɓuya. Abin da aka san ta da nema shi ne dala 980, ko rabin haka in an biya cikin kwana uku. A lissafa wannan da Naira a gani, ko tumaki nawa ne. Alhali kuwa akwai manhajar rubutu da lissafi mai suna LibreOffice, wadda halal ce, kyauta ce, kuma tana buɗe takardun Word da Excel.

Sai dai in yi adalci, ba kowane na kyauta ne ake runguma ido rufe ba. A shekarar 2024 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta sa kamfanin Avast, mai ba da riga-kafi kyauta, ya biya dala miliyan 16.5 bisa zargin ya riƙa sayar da bayanan wuraren da masu amfani da shi ke ziyarta a intanet. Darasin shi ne, kada a yi ta tara manhajoji don kawai ba a biya. Masu gadi biyu masu cikakken iko a kwamfuta ɗaya faɗa suke yi da juna, su sa ta nauyi. Ita ma Smadav ta ƙasar Indonesiya, wadda masu shaguna ke ƙauna saboda filashi, masu ita da kansu sun ce ƙari ce a kan babban riga-kafi. Kada a kashe babba saboda ita.

Aikin da ke gabanki

Yanzu sai mu zo ga abin yi. Ba sai kin iya Turanci ba, kuma ba sai kin yi kwas ba.

Na farko, ki san fuskar mai gadinki. A ƙasan allo, kusa da inda agogo yake, akwai 'yar alama mai siffar garkuwa. In ba ki gan ta ba, a danna ƙaramar kibiyar da ke wurin, za ta fito. In tana ɗauke da kore, lafiya lau. In rawaya ce, akwai abin da ke son a duba. In ja ce, to akwai matsala, kada a ci gaba da aiki sai an gyara. Macen da ke gane zazzaɓin yaro da bayan hannu ba za ta kasa bambanta kore da ja ba. Duk wanda ya ce miki sai an kashe garkuwar nan kafin wani wasa ko wata manhaja ta shiga, to ya riga ya gaya miki ko mece ce manhajar.

Na biyu, ki ciyar da shi. Kullum ana ƙirƙiro sababbin cututtuka, mai gadi kuwa ba ya kama ɓarawon da ba a kwatanta masa ba. Ko sau ɗaya a mako, a haɗa kwamfutar da datar waya a bar ta ta karɓi sabon bayani, ita da Windows ɗin kanta. Na san data tana da tsada, amma a auna da abin da ya faru ranar 12 ga Mayu 2017, sa'ad da cutar WannaCry ta kulle kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe kimanin 150. A Ingila asibitocin gwamnati sai da suka soke ganin likita kimanin 19,000. Abin takaicin shi ne, tun watan Maris na wannan shekara Microsoft ya riga ya fitar da maganin toshe kafar da cutar ta bi, kyauta. Waɗanda suka karɓa sun tsira, waɗanda suka ce sai gobe suka kamu. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ai sai ka shafa wa naka ruwa.

In kuwa sabis ya yi wuya a garinku, akwai dabara. Microsoft yana ajiye sabon bayanin Defender a shafinsa a dunƙule, yadda wanda ya je Dutsin-Ma ko Katsina zai iya saukowa da shi a filashi mai tsabta, a zo gida a sa. Amma fa daga shafin kamfanin kaɗai, ba daga hannun wani ba.

Na uku, ki kafa doka a kan filashi da memori. Duk wanda ya kwana a waje, ko ya shiga wata na'ura, ba a buɗe shi sai an bincike shi. Ana sa shi, a danna ɓangaren dama na maus a kan sunansa, a zaɓi inda aka ce Defender ya duba. 'Yan mintoci ne. Yadda ba ki zuba hatsin kasuwa a tukunya sai kin tsince kin wanke, haka nan wannan. Ya fi kyau ma gida ya zama da filashi biyu, ɗaya na yawo, ɗaya na ajiya wanda ba ya fita ko zaure. Har ila yau, a sa yaro ya umarci kwamfuta ta riƙa nuna wutsiyar sunan kowane fayil. Fim yakan ƙare da mp4, hoto da jpg, takarda da pdf ko docx. In aka ce miki fim ne ko hoto, amma sunansa ya ƙare da exe ko vbs, to kura ce da fatar akuya.

Na huɗu, ki riƙe makullin rumbu. Windows tana ba da dama a buɗe wa kowa wurin shigarsa dabam, wani mai cikakken iko, wani mai taƙaitaccen iko. Mai taƙaitaccen iko zai yi karatu, ya yi rubutu, ya kalli fim, amma ba zai iya yi wa kwamfuta babban sauyi ba sai an sa kalmar sirrin babba. A ba yara irin wannan, babbar kalmar kuwa ta zauna wurin ki ko wurin maigida. Cututtuka da yawa ikon wanda ya danna su suke ara, in ikonsa kaɗan ne, ɓarnarsu ma takan ragu.

Na biyar, ki nemi ido na biyu lokaci lokaci. In kwamfuta ta yi nauyi ba dalili, ko talla tana ta faɗowa, ko data tana ƙarewa kamar ana zuƙa, akwai Malwarebytes, wanda ke da nau'in kyauta da ake kira ya yi shara ya koma, ba tare da ya yi faɗa da Defender ba. Shi ma Defender yana da wani bincike mai zurfi, wanda yakan kashe kwamfuta ya sake kunna ta ya duba ta kafin cutar ta farka. Ki kuma gargaɗi yara game da saƙon da ke faɗowa a intanet da jan rubutu, yana cewa kwamfutarku ta kamu, ku danna nan ko ku kira wannan lamba. Microsoft ba ya sa lambar waya a cikin saƙon gargaɗinsa. Ɓarawo ne ke ihun ɓarawo.

Na shida, wanda in kin manta sauran duka kada ki manta shi: kowace takarda mai muhimmanci ta zama tana wuri uku. Ɗaya a kwamfuta, ɗaya a filashin ajiya da ake cirewa a sa a ƙasan akwati da zarar an gama kwafa, ɗaya kuma a ma'ajiyar intanet. Duk mai adireshin Gmail yana da wurin ajiya na gigabait 15 kyauta, wanda ya ishi takardun zuri'a guda. Wannan ajiya ta uku ita ce ba ruwanta da gobara, ko ɓarawo, ko gudun dare. Mai kulle takardu ba shi da abin da zai yi wa macen da ke da kwafi a wani wuri.

Tsohuwar kwamfuta fa?

A nan ne tilas mu faɗa wa juna gaskiya mai ɗaci. Microsoft ya daina toshe kafofin Windows XP tun Afrilu 2014, na Windows 7 kuma tun Janairu 2020. Windows 10 ma, wadda ke kan yawancin kwamfutocin hannu da ake kawo mana, wa'adinta ya cika ranar 14 ga Oktoba 2025, sai dai kamfanin ya buɗe shirin ƙarin shekara guda, zuwa Oktoba 2026, ga masu kwamfutar gida da suka yi rajista. Katangar da aka daina yi wa yaɓe, komai ƙarfin mai gadi, wata damina za ta faɗi. In kwamfutarki za ta iya ɗaukar Windows 11, hawa kanta kyauta ne. In ba za ta iya ba, kada a jefar. Akwai Ubuntu, wanda wani ɗan Afirka ta Kudu mai suna Mark Shuttleworth ya ƙaddamar a 2004, da ɗan'uwansa Linux Mint. Kyauta ne, suna tafiya a kan tsofaffin na'urori da yawa, kuma cututtukan filashi da aka yi don Windows ba sa aiki a kansu. In ko ba a samu mai sa su ba, to tsohuwar ta tsaya a koyon rubutu da kallon fim, kada a shiga banki da ita.

In abin ya riga ya faru

Kada a ruɗe. A fara raba kwamfutar da intanet, a cire duk filashin da ke jikinta, kada kuma a sa na ajiya a ciki don a gani ko yana nan lafiya. In akwai alamar an taɓa lambobin sirri, a sake su ta wata na'ura dabam, a sanar da banki nan da nan. In kuwa kulle takardu aka yi, shawarata kada a biya, domin ba wanda zai tilasta wa ɓarawo cika alkawari. A shekarar 2016 'yan sandan Tarayyar Turai da na ƙasar Holan, tare da waɗansu kamfanonin tsaro, sun kafa wani shiri mai suna No More Ransom, inda suke ba da makullan buɗe ire-iren waɗannan cututtuka kyauta. Ba kowace ce ke da makulli ba, amma a duba can tukuna, kuma a adana takardun da aka kulle ko gaba za a samu. In za a kai kwamfuta gyara, a kwashe hotunan iyali in da hali, kuma wani na gida ya zauna a wurin.

Kirana

Ina kira ga mazajenmu da su daina ɗaukar kwamfuta tamkar babur, abin da mace ba ta taɓawa. Ku kuna kasuwa ko gona ko wurin aiki, mu ne muke gida sa'ad da yaro ke zaro memori daga aljihu. Ku nuna mana garkuwar nan, ku ba mu kalmar sirri. Ina kira ga 'ya'yanmu masu gyara da su riƙa gaya wa mai kaya gaskiyar abin da suke sa masa, su kuma koyi sa manhajojin halal na kyauta, domin mai gyaran da aka amince da shi ba ya rasa ciniki. Ina kira ga Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, da Hukumar NITDA, waɗanda sukan fitar da gargaɗi a kan sababbin cututtuka, da su ƙara kawo shi da Hausa ta gidajen rediyo, inda matan karkara ke saurare suna tankaɗe. Mu kuma malamai, a taron iyaye da malamai na gaba, mu ware minti goma mu nuna wa iyaye mata kore da rawaya da ja.

Ke kuma 'yar'uwa, kada ki jira taro. Yau da daddare, in an gama tuwo an kunna kwamfutar, ki ja kujera ki ce wa yaron ya nuna miki garkuwar da ke kusa da agogo. In kore ce, ki tambaye shi yaushe rabon da a sabunta ta. In ba ya nan, ko an kashe ta, ki tambaye shi wa ya kashe, kuma don me. Daga nan ki sa shi ya kwafe takardun makarantar 'yan'uwansa duka a filashin da zai kwana a akwatinki. Riga-kafi ya fi magani, balle riga-kafin da ba a saye.

Allah ya tsare mana gidajenmu da garuruwanmu, ya ba mu zaman lafiya mai ɗorewa, amin. Sai mun sake saduwa a wannan fili. Haza wasalam.